Kwana Shida a Damagaram Cikin Bazara

Mahaifiyata 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ta Kano tun kafin a haife ni. Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallar 2025 ta aika a kira ni, ta ce ciwon suga ya kwantar da ƙaninta, ita kuwa gwiwa ba ta barinta zaman mota. "Ka je ka gano mini shi da idonka. In na kira shi a waya sai ya ce da sauƙi, shi kuwa ko yana bakin kushewa da sauƙi zai ce." Ta haɗa ni da turmin atamfa biyu da turare da ƙullin yaji, sai ka ce can babu kasuwa.

Na yi sammako. Kazaure, Daura, sai Kwangwalam, inda na yi canji na ga yadda naira ta zama abin tausayi. Na miƙa dami, aka miƙo mini 'yan takardu, don jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Daga nan lissafi ya koma na dala. In mai ruwan leda ya ce maka dala biyar, sefa 25 yake nufi, kuma duk zuwan da nake yi tun ina yaro ban daina ƙirgawa da yatsu ba.

Tsakanin Ɗan Barto da Matamaye gonaki duk a share suke, ana jiran ruwa, amma ko'ina ka duba gawo ne tsaye, manya da ƙanana, kore shar a tsakiyar rani. Wani dattijo da muka matsu a kujera ɗaya ya ga ina ta leƙe, ya ce, "Ɗana, da lokacin da nake saurayi ka zo, daga nan sai ka hango mai jaki a wancan ƙauyen. Fili ne fetal." Ya ce a da in za a yi sassabe, duk tohon da ya fito daga kututture sarewa ake yi a ƙone, don manomin kirki shi ne mai gona tas, ga kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, tunda itace na hukuma ne ko da a gonarka ya tsiro. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, a yi shuka sau biyu, sau uku. Bayan farin 1984 mutane suka soma barin toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Sassaben zamani suke kiransa. Ba a dasa komai, saiwar tana nan da ranta a ƙasa, kyale ta kawai aka yi.

Gawo kuwa itace ne mai baya da hali. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi ganye, ya zubar da 'ya'ya, awaki su ci su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da wajen kadada miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa kimanin miliyan 200. A ganina da wani kamfani ne ya yi wannan aiki, da kunnuwanmu sun gaji da jin sunansa a rediyo.

Na ce masa to ai yunwa ta kau ke nan. Ya yi dariya mara daɗi. "Itace ya dawo, amma gona ba ta ƙara faɗi ba. Gonar da ubanmu ya noma shi kaɗai, yau gida takwas ke cinta." Muna shiga Kance yana wannan magana, sai motar ta yi tsit na ɗan lokaci. Daga wannan yanki ne mata ke kwasar yara su nufi Aljeriya bara idan rumbu ya ƙare. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, akasari mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma mafi yawansu mutanen nan ne. Wata mata a bayanmu ta ce Allah Ya jiƙan musulmi, muka amsa, ba wanda ya ƙara cewa komai har Takeita, inda muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai.

Manyan duwatsun nan masu kama da an ɗora su da hannu su ke fara yi wa baƙo maraba. Ɗan kawuna, taubashina, ya zo tasha ya ɗauke ni a babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara: "Bakano, an zo cin arziki?" Damagarawa ba sa gajiya da yi wa Bakano gorin yaƙin zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma ba sa mantawa su tuna maka cewa garinsu ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Ya bi da ni ta Birni, muka wuce ƙofar fadar Sarki, ya nuna mini inda tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 ya rushe a ruwan Satumbar 2024. Garin da ke kukan rashin ruwan sha, ruwan sama ya kayar masa da masallaci.

Na tarar da Kawu a zaure kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce da sauƙi. Da lokacin allura ya yi, na ga Inna, matarsa, ta wuce firji ko kallonsa ba ta yi ba, ta nufi gindin bango inda aka binne wani ɗan tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi, ta zaro kwalbar insulin a naɗe cikin leda. Na tambaye ta. Ta ce, "Ɗan nan, firigo ai sai da kuran." Wuta suke kira kuran. Maganin sanyi yake so, zafi na kashe masa ƙarfi, a Afrilu kuwa garin na haura digiri 40. In aka ɗauke wuta da rana firji ya koma akwatin ɗumi. Tulu ba ya sanyi kamar firji, amma muddin rairayin na jiƙe ba ya yaudarar kowa.

Wutar Damagaram da ta Maraɗi daga wajenmu take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya ake sayenta. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke layin a watan Agusta, ba a maido ba sai Maris na 2024. Inna a lokacin ƙanƙara take sayarwa da zoɓo da lemun tsamiya, da shi take sayen cefane da maganin mijinta. Watannin nan suka cinye jarin, har yau bai tashi ba. Ina jin wannan na rasa inda zan sa fuskata, kamar da hannuna na kashe makunnin. Kawu ya lura, ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ku da kuka yanke mana, ku ma a duhun kuke kwana." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daren farko ban yi barcin kirki ba. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar bokiti, na leƙo na ga Inna da 'yan mata biyu tsugune gaban famfo da fitilar waya, ruwa na zuba siriri kamar zare. Damagaram a kan dutse take zaune, haƙa rijiya a cikin gari wahalar banza ce, don haka daga nesa ake turo ruwan: Gogo da Machaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Turowar kuma da injin ce, injin da wuta. In wuta ta yi rauni famfo ya yi shiru, sai 'yan ga-ruwa su ƙara wa jarka kuɗi, kuɗin kuma daga na cefane za a cire. A cikin abin da suka tara a daren, kofi biyu na tulun maganin Kawu ne, kuma shi aka fara zubawa kafin a cika randa.

Da dare na biyu taubashina ya kai ni fadarsu, wato majalisar samari, benci biyu da butar shayi a kan gawayi a bakin wani lungu na Zango. Su tara ne. Ɗaya tela, ɗaya mai cajin waya da faifan sola guda, biyu 'yan kabu-kabu, sauran suna jiran abin da Allah zai kawo. Shi kansa ya gama jami'ar garin, takardarsa na cikin akwatin Inna tare da atamfofinta. Na ce bai nemi aiki ba? Ya ce, "Yaya, nema kai. In aka ce ana ɗaukar mutum goma, sai ka tarar da layi ya zagaye gini." Jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, ƙidayar 2012 ta ba ta sama da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara ga sababbin majiya ƙarfi, hanyoyin da aka sani kuwa ba su wuce noman wata huɗu, ci-rani, da ɗan abin da aka taɓa a kasuwa ba.

Uku daga cikinsu a da 'yan ruwa-ruwa ne, masu sayar da fetur a kwalabe bakin titi. Man Najeriya mai tallafi ake shigowa da shi a jarkoki ta hanyoyin daji, kuma gidaje da yawa da shi suke cin tuwo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, farashi ya ninka a wajenmu, sana'ar ta mutu a tsaye. Abin ma ya juye, man Nijar ya koma shi ne mai araha, lita sefa 499 a gidan mai a lokacin. Kowa ya koma gidan mai, matatar ƙasar ta kasa ɗaukar nauyin, sai ga dogayen layuka a watan Maris, 'yan makonni kafin zuwana. Taubashina ya ce ya yi kwanaki yana tura babur maimakon babur ya ɗauke shi. Magana ɗaya da aka yi a Abuja, ta sauya abin da ake dafawa a wani lungu na Zango, mai maganar kuwa bai san lungun ba.

Na matsa masa sai ya kai ni na ga matatar da idona. Muka fita bayan asuba kafin rana ta buɗe, muka bi hanyar Tanut wajen kilomita 50 arewa da gari. Tun daga nesa ake hango hasumiyoyinta da harshen wuta a saman bututu. SORAZ ke nan. Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashinta a 2008, ta fara aiki a Nuwambar 2011, tana tace ganga dubu 20 a rana, ɗanyen man kuma daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Ba ƙaramin abu ba ne ƙasa ta tace manta da kanta, mu da muka yi shekaru muna haƙowa muna sayo tatacce daga waje mun fi kowa sanin haka. Sai dai matata ba gona ba ce, injuna ke yawancin aikin, ba za ta kwashe samarin fada ba.

Muna tsaye a gefen hanya sai ga mata huɗu ɗauke da damin kara da ƙirare, sun nufi ƙauye, harshen wutar nan na ci a bayansu. Gas ɗin girki a nan ake samar da shi, kuma a cikin gari gidaje da dama sun koma amfani da shi. A gidan Kawu ma akwai tukunyar, amma na same ta a ƙarƙashin gado babu komai ciki. Inna ta ce ta san gas ya fi itace sauƙi in aka yi lissafin wata, ga ba hayaƙin da ke sa ta hawaye da tari. Amma gas a dunƙule ake biyansa, itace kuwa na dala ashirin ma ana sayar mata. Mai hannu baka hannu ƙwarya ba ya lissafin wata.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Mirya. 'Yar Kawu ke aure can, tafiyar ƙasa da kilomita 20, gari mai kukoki da lambuna. Na tarar da ita da ɗanta na goye, ɗan wata goma sha, ya yi zawo kwana uku ya yi laushi. Muna cikin gaisawa ta jawo wani ɗan tsiri daga bakin zaninta, mai launi kore da rawaya da ja, ta naɗa a damtsen yaron ta zura bakin cikin ramin, ta duba. "Ya shiga rawaya. Gobe sai likita." Likita a bakinsu asibiti ne. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko na shekara ɗaya, amma ta san in ya kai ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, ba a kwana da ita a gida. A wannan gunduma ta Mirya ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka gwada miƙa tsirin a hannun uwaye, maimakon a jira ma'aikaci ya zagayo, aka ga uwaye na gano ciwon da wuri. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauka.

Na raka ta washegari. A rufin ɗakin shan maganin akwai faifan sola, da shi firjin allurar rigakafi ke aiki, abin da gidan Kawu ya rasa. Mata sun cika rumfa. Aka auna yaron, aka ba ta gishirin zawo da bayani. Waɗanda 'ya'yansu suka shiga ja ana ba su Plumpy'Nut, abincin leda na gyaɗa da madara da sukari da mai. Hikimarsa ita ce ba ya son dahuwa, ba ya son ruwa, ba ya son firji, yaga leda kawai za a yi a ba yaro. Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004, ita ta sa aka fara raba shi da yawa a Maraɗi da Damagaram. Tun 2006 kuma doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Na ce mata to ai an huta. Ta ce, "Yaya, takarda ce kyauta. Kuɗin babur fa? Wa zai yi mini daka, wa zai ɗebo ruwa?" Ta ce yanzu ma da dama-dama. Bari ruwa ya sauka: rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya taso da zazzaɓi, kuma lokacin ne ba a iya barin gona ko na yini ɗaya. Shi ya sa daga Yuli zuwa Oktoba ake bi gida-gida kowane wata ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓin, tun kafin ya kama su.

Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Dole da kuɗin da mahaifiyata ta ba ni in saya wa gidan hatsi. Da tiya ake awo. Mai awon ya ce da kaka na zo da na samu da rahusa, kuma ya faɗi gaskiya. Manomi na sayarwa da kaka lokacin da hatsi ya fi arha, saboda bashi da biki da magani ba sa jira, sannan ya dawo da bazara ya sayi hatsin nan nasa da tsada. Gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a Oktoban 2024 don farashi ya sauka. Mai saye ya ji daɗi, 'yan kasuwar da suka saba kai wake Najeriya kuwa suna ta gunaguni. Na sayi buhu ɗaya, na ƙara da alkaki na tsaraba, don ba a zuwa Damagaram a koma Kano babu alkaki.

A hanyar komawa gida, buhu a tsakaninmu kan babur, muka wuce bangon wani ofishin poroje, wato na ayyukan raya ƙasa, da aka zana wa akwatuna 17 masu launi-launi. Taubashina ya rage gudu yana karanta mini da Faransanci yana fassarawa: muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su a 2015, wa'adinsu 2030. Na biyu kawar da yunwa, na uku lafiya, na bakwai makamashi, na takwas aikin yi. Ya ce shi na takwas yake jira, saura shekara biyar. Da na ba Kawu labari da dare, ya tambaye ni ko kowane akwati da ofishinsa daban. Na ce kusan haka ne. Ya nuna tulun da haɓarsa. "To wannan a wane ofishi za a kai shi? Maganin na likita ne, sanyin na masu kuran ne, ruwan na masu famfo ne, kuɗin kuma ƙanƙarar innarka ce da ta narke."

Kafin in taho na zagaya shagunan masu sola na tambayi kuɗin ƙaramin firji da faifai da batir. Da na mayar da shi naira a waya sai na yi godiya na fito. Abin da na iya shi ne na cika tukunyar gas, na biya wani ɗan ga-ruwa kuɗin jarka biyu kullum har wata guda, na sayo tulu na biyu a wajen masu tukwane saboda na farkon ya fara tsagewa. Inna ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta saurara, ta ce mai kyau ne.

Da asubar ranar tafiya na shiga zaure yin sallama. Kawu ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa albarka, ya lissafo mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya a gaishe su. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"In ta tambaye ka, ka ce mata da sauƙi."